Tsohon benen Aguda a tsibirin Legas: a gyara ko a rushe?

Tambaya: Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a kasuwar Balogun, mazaunin Agege, ya aiko da tambaya. Wasu iyali sun yi masa tayin gidansu na gado a wajen titin Bamgbose, bene mai hawa ɗaya, ginin jan bulo, matakala da daɓen sama duk na katako, ga ado a goshin tagogi. Bangon ƙasa kullum a jiƙe yake, filasta tana ɓarewa, da damina kuma ruwa yakan shigo ɗakunan ƙasa. Wani ɗan kwangila ya ce masa ya rushe ya tayar da hawa biyar, shaguna a ƙasa, sito a sama. Wani abokinsa kuma ya ce ya bar tsibirin gaba ɗaya ya sayi fili a Ajah. Yana so ya san wane irin gini ne wannan, ko yana gyaruwa, in kuma sabo za a yi me za a kiyaye.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Jiƙewar bango da ɓarewar filasta ba su isa a yanke wa gida hukunci ba. Kusan duk tsohon gida a tsibirin nan yana da su, kuma sau da yawa gyaran da aka yi masa da siminti ne ya jawo su. Abin da zai raba gardama shi ne ko bangon yana tsaye cak, ko ƙasan da ke ƙarƙashinsa tana motsi, da kuma nauyin da kake nufin ɗora masa. Kada ka biya kuɗi, kada kuma kowa ya ɗaga guduma, sai an san waɗannan.

Gidan da ka kwatanta shi ne mutanen Ikko ke kira ginin Aguda. Aguda 'yantattun bayi ne da 'ya'yansu da suka dawo daga Birazil, akasari daga Bahia, wasu kuma daga Kyuba. Dawowar ta yi ƙarfi bayan boren da bayi Musulmi suka yi a birnin Salvador a 1835, wanda yawancinsu Yarabawa ne amma har da Hausawa a ciki, ta kuma ci gaba har bayan da Birazil ta soke bauta a 1888. Da sana'a a hannu suka zo: birkiloli, kafintoci, maƙera, masu fenti. Suka zauna a unguwar da ake kira Popo Aguda, kewayen dandalin Campos da titunan Bamgbose, Tokunbo, Igbosere da Kakawa, kamar yadda Saro, waɗanda suka dawo daga Saliyo, suka taru a Olowogbowo. To ka ga gidan da ake yi maka tayi a tsakiyar unguwarsu yake.

In kana so ka ga iyakar gwanintarsu, ba sai ka yi nisa da shagonka ba. Ka yi sallar azahar a masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, ka tsaya a waje ka dubi fuskarsa. Attajiri Mohammed Shitta ne ya ɗauki nauyinsa, wani magini Ba'agude mai suna João Baptista da Costa ya jagoranci aikin, aka buɗe shi a 1894, har Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya aiko da wakili, Abdullah Quilliam na Liverpool, aka ba Shitta sarautar Bey. A titin Kakawa kuma akwai Water House na iyalan Da Rocha, inda aka riƙa sayar wa mutanen gari ruwa mai kyau tun kafin a buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju a 1915. Waɗannan sun tsira. Da yawa ba su tsira ba. Tsohon babban masallacin Legas, shi ma ginin Aguda, an rushe shi aka gina na yanzu da aka buɗe a 1988. Gidan da ake kira Ilojo Bar da ke bakin dandalin Tinubu, wanda aka gina a 1855 kuma gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956, katafila ta kwantar da shi ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin babbar sallah, lokacin da ofisoshi ke rufe. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, tsadar fili ce.

Yanzu ga yadda aka gina shi, domin daga nan ake gane ciwonsa. Bangon jan bulo ne da aka gasa, mai kauri, sau da yawa bulo ɗaya da rabi, wato kimanin santimita 35. Ba da siminti aka haɗa shi ba, da kwaɓin laim da yashi ne, wani wurin ma da laka. Laim ɗin nan dangin farar ƙasar da ake shafe ce. Da shi aka yi yaɓen waje, da shi aka fitar da furanni da zanen da kake gani a goshin tagogi. Babu fila ta kankare, babu rodi: bangon ne da kansa yake ɗauke da komai. An jera manyan katakai, irin su iroko da muke kira loko, aka cusa kawunansu cikin bango, aka shimfiɗa allunan daɓe a kai. Sama kuma kwano, da wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufi mai ƙananan tagogi da zafi ke fita ta cikinsu. Harsashin ba shi da zurfi, domin a tsibirin nan in ka haƙa mita ɗaya, wani wurin ma ba ka kai ba, ruwa zai tare ka.

Masu ginin sun san da wannan ruwa, ba su kuma yi yaƙi da shi ba. Bulo da laim suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Bango yana tsotsar danshi daga ƙasa, iska ta kwashe shi ta jikin yaɓen, haka kullum. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan: ginin tubali da aka yaɓe da makuba haka yake numfashi, kuma duk wanda ya ga soron ƙasa da aka lulluɓe da siminti a Kano ya san yadda yaɓen ke kumbura ya faɗo da guntun bango a jikinsa. Abin da ya faru da gidan Bamgbose ke nan. Wani ya ga yaɓe ya tsufa, ya sa aka yi filastar siminti, aka bi da fenti mai sheƙi, wataƙila har da tayil zuwa ƙugu. Danshin ya rasa hanya, ya haura sama. Ruwan ƙasan Legas kuma yana da gishiri. Inda ruwan ya bushe, gishirin yakan daskare a cikin bulo, ya tura fuskarsa waje, ya mai da ita gari. Farin abin nan mai kama da kanwa da za ka gani a gindin bango shi ne.

Sai matsala ta biyu, wadda ba laifin gidan ba ce. Duk lokacin da aka gyara titi a tsibiri, sabo ake ɗorawa kan tsoho, a ɗaga kwata. Gidan da a da ake hawa matakala biyu a shiga, yau gangarawa ake yi. Legas kuma tana samun ruwan sama da ya kusa ninka na Kano biyu, mafi yawansa daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta ya dawo a Satumba da Oktoba. In ruwa mai ƙarfi ya haɗu da cikar teku, kwata ba ta da inda za ta zubar, sai ta dawo da shi cikin gidaje.

Binciken da za a yi, injiniyan gini ne zai yi shi, mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya ta ƙasa, kuma kai za ka ɗauko shi ka biya shi, ba ɗan kwangilar da ke son a rushe ba. Zai saki igiya mai nauyi a baki daga saman bango ya auna karkata. In bango ya karkace fiye da kashi ɗaya cikin shida na kaurinsa, wato kamar santimita 6 a bango mai santimita 35, magana ta wuce kwalliya. Zai bi tsagogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci ta yaɓe ce. Daga 5 zuwa 15 tana son a san dalilinta. Wadda ta haura 25, har yatsa na shiga, haɗari ce. Siffar tsagar ma tana magana: wadda ta tashi daga kusurwar taga ta bi layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama, tana nuna wani gefe na gidan yana nutsewa. Domin a san ko motsin ya tsaya tun tuni ko yana ci gaba, a manna siririn gilashi ko a dafa ɗan kwaɓin filasta a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe, a riƙa dubawa wata uku zuwa shida. In ya fashe, ƙasa tana motsi. Tsagar da ta shekara hamsin ba ta ƙaru ba ta fi sabuwa 'yar ƙarama kwanciyar hankali.

Daga nan a ɗaga alluna biyu ko uku na daɓen sama a jikin bango, a soka sukundireba a kan katakon, daidai inda ya shiga bulo. A nan ruɓa da gara suke farawa, domin nan ne katako ke kwance cikin danshi. Tsakiyar katakon yana iya zama lafiya ƙalau alhali kansa ya zama soso. A hau ƙarƙashin rufi da tocila a duba haka. A haƙa rami biyu a gindin bango a ga zurfin harsashi da inda ruwa ya tsaya. Sannan a ƙwanƙwasa yaɓe da guduma ƙarama, duk inda ya yi amon ganga ya rabu da bango.

In bango yana tsaye kuma tsagogin sun mutu, gidan yana gyaruwa, kuma tsarin aikin daga sama yake farawa. Rufi tukuna, da indararo da bututun da zai kai ruwa kwata, domin banza ne a gyara bangon da ruwa ke zuba a kansa. Kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55 ya fi jure iskar gishiri, amma a ɗaure shi da ƙusoshin da suka dace da shi, domin ƙusar ƙarfe zalla tana cin alminiyam a inda suka haɗu. Bayan haka a sassaƙe filastar siminti da hannu, da kurfi da guduma, ba da inji ba, har zuwa kamar santimita 30 sama da inda alamar danshi ta tsaya. Adon goshin tagogi a ɗauki hotonsa a auna shi kafin a kusance shi. Sai a bar bangon tsirara ya sha iska. Masu gyaran tsofaffin gine-gine suna lissafa wata guda ga kowane inci na kaurin bango, a Legas kuwa da iskarta ke cike da laima ya fi haka. Saboda haka a buɗe shi a Nuwamba ya ci moriyar rani. Farin gishirin da zai fito a share shi da busasshen burushi, kada a wanke da ruwa, komawa ciki zai yi.

Sabon yaɓen, awo ɗaya na laim, awo uku na yashi mai kaifi da aka wanke. In garin laim na buhu ne, a jiƙa shi a duro ya kwana aƙalla ɗaya ya zama kamar kindirmo mai kauri, in ya yi mako ya fi. A jiƙa bango kafin a yaɓa. Shafi uku ake yi, kowanne kada ya wuce santimita ɗaya, a karce na farko domin na biyu ya kama, a bar kamar mako tsakani, a rataya jiƙaƙƙen buhu a kare shi daga rana. Birkila zai ce maka a zuba siminti kaɗan don ya yi saurin kamawa. Kada ka yarda, wannan kaɗan ɗin ne ke toshe ƙofofin. Ma'aikata su sa safar hannu da tabarau, laim yana ƙona fata yana makantarwa. Fenti kuma farar ƙasa, shafi huɗu ko biyar masu ruwa-ruwa. Ka sa a ranka cewa yaɓen gindin bango zai iya lalacewa bayan shekara biyu ko uku. Aikinsa ke nan, gishirin yake janyewa daga bulo zuwa jikinsa, a sassaƙe a sake.

Daɓen ƙasa akwai dabara. Ɗakunan Aguda suna da tsawon rufi, don haka ana iya ɗaga daɓe da santimita 30 zuwa 45 ba tare da ɗaki ya zama kurkuku ba. Amma in aka shimfiɗa leda aka zuba kankare daga bango zuwa bango, danshin da ke ƙarƙashi duk zai gudu gefe ya hau bango. A zuba tsakuwa a ƙasa, a bar tazarar kamar tafin hannu a jikin bango ba kankare, a cika ta da tsakuwa. A sa wa bututun da ke fita kwata murfin da ke hana ruwa dawowa, a yi ɗan rami a tsakar gida da famfon tsotsa. Katakon da kansa ya ruɓe ba sai an cire shi duka ba, ana yanke ruɓaɓɓen a haɗa sabo da faranti na ƙarfe da noti, a shafe da maganin gara, a bar masa 'yar iska a cikin ramin bango. Wayoyin lantarki a sake su gaba ɗaya cikin bututu. Gobarar da ke yawan tashi a Balogun da kewayenta ta ishe ka darasi: janareta a bene, jarkar fetur a ƙarƙashin matakala, yadi jibge har rufi.

Maganar sito kuwa, a nan shawarar za ta ɗan yi maka ɗaci. Daɓen gidan zama ana lissafa masa kilo 150 zuwa 200 a kan kowane murabba'in mita. Ka ɗauka dilarka kilo 50 ce. In ka ajiye biyu gefe da gefe a murabba'in mita ka ɗora biyar biyar, kilo 500 ke nan, wajen ninki uku na abin da sabon daɓe zai ɗauka, balle mai shekara ɗari. Benen Aguda ba ya zama sito. Yana zama ofis, wurin baje samfur, masaukin baƙinka da ke zuwa sari daga Arewa. Kaya masu nauyi a ƙasa, a kan katakai da aka ɗaga. Haka kuma fasa bangon gaba don a faɗaɗa ƙofar shago shi ne ya fi kashe waɗannan gidaje, domin bangon da ake cirewa shi ke riƙe da na sama. In dole ne, injiniya ya lissafa ƙarfen da za a gitta, a tokare sama kafin a cire bulo ɗaya. Ɗora sabon hawa na kankare a kan tsohon bango kuwa, babu hanyar da za mu ce ta yi. In gidan yana da fili a baya, mafita mai kyau ita ce a gina sito daban a can, da nasa harsashin, a bar tazara tsakaninsa da tsohon.

Kafin duk wannan akwai takarda. Gidan gado a ƙasar Yarabawa na dangi ne gaba ɗaya. In shugaban iyali ya sayar ba da yardar manyan 'yan uwa ba, suna iya zuwa kotu a warware cinikin. In 'yan uwa suka sayar ba da shugaban ba, cinikin bai ma ƙullu ba. Lauyanka ya binciki takardun a ofishin filaye da ke Alausa, ya kuma nemi amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. A tambaya ko gidan yana cikin jerin gine-ginen da aka kare, ko na Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ko na dokar jihar Legas ta 2011. In yana ciki, ko taga ba a canzawa sai da izini. In ma ba ya ciki, rushewa tana bukatar izini, sabon gini yana bukatar amincewar LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jiha, kuma LASBCA, hukumar sa ido kan gine-gine, ce ke duba aiki mataki mataki. Dokar tsara birane ta jihar ta 2010 ta ba gwamnati ikon ƙwace filin da gini ya rufta a kansa saboda sakaci. Ka kuma yi hattara da tsarin nan da ya yaɗu a tsibiri, inda mai kuɗi ke karɓar gidan dangi ya gina ya ci haya shekara goma sha biyar ko ashirin ya mayar. Wanda ya san zai bar gini bayan shekara ashirin ba shi da dalilin gina mai shekara sittin.

To a ce injiniya ya ce bango ya tafi, sai sabo. Abin da ka saba gani a Agege ka ajiye shi a Agege. Can da Ikeja jar ƙasa ce mai tauri a kan tudu, a haƙa a zuba fandisho a ci gaba. Tsibiri kuwa wurare da dama fadama ce da bakin ruwa da aka cike, kamar wajen Idumagbo, a ƙarƙashin yashin sama akwai baƙar laka mai laushi da ruɓaɓɓen ciyayi. Hawa biyar na sito ba a fara zana shi sai an yi gwajin ƙasa, a huda aƙalla rami biyu zuwa zurfin mita 25 ko 30. Sakamakon ne zai faɗa ko faffaɗan harsashi irin na tabarma zai isa, ko sai an kafa turaku na kankare har su taka yashi mai ƙarfi. A cikin unguwa mai cunkoso, turakun da ake huda rami a zuba su ake yi, ba waɗanda ake bugawa ba, domin girgizar tana tsaga gidajen maƙwabta. Tsotse ruwa daga ramin harsashi dare da rana shi ma yana janye ƙasa daga ƙarƙashin na kusa. A ɗauki hoton bangon maƙwabta a gabansu kafin a fara.

Abokin gabar kankare a bakin teku gishiri ne. Yana ratsawa ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta ninka ƙarfen da ta ci sau da yawa, ta fasa kankaren daga ciki. Ka ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin barandar benayen da aka gina shekara talatin da suka wuce a Idumota, za ka ga rodi a waje yana zubar da jan hawaye. Maganinsa kauri da tauri. Tsakanin rodi da fuskar kankare a bar milimita 50 a duk abin da iska ke bugu, 75 a abin da ke kwance cikin ƙasa, kuma da ƙananan tubalan siminti ake tokare rodin, ba da guntun katako ko tsakuwa ba. Siminti mai lamba 42.5, kankare mai ƙarfin 30 zuwa sama. Awon nan na ɗaya, biyu, huɗu da kowa ya haddace bai kai nan ba. Ruwa kada ya wuce lita 25 a buhu, har da wanda ke jikin jiƙaƙƙen yashi. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa don ya fi sauƙin zubawa daga kwanon sarki, kuma kowane bokiti na ƙari ƙofa ce da aka buɗe wa gishiri. A yi amfani da injin girgiza. A shayar da dakin ruwa kwana bakwai aƙalla, kada a cire katakon tokara kafin mako uku. Yashin da aka haƙo daga ruwan gishiri ba ya shiga kankare mai rodi sai an wanke an gwada, haka ma ruwan rijiyar wurin. A kowace zuba a cika 'yan akwatunan gwaji a kai ɗakin gwajin kayan gini na jiha, a fasa a kwana 7 da kwana 28. Rodi kuma a auna shi da ma'auni a gaban mai kawowa, domin ana sayar da wanda bai cika ba da sunan mai milimita 12 ko 16. Benen Ita Faaji da ya rufta da 'yan makaranta a Maris 2019, da mai hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi da ya kashe sama da mutum 40 ranar 1 ga Nuwamba 2021, sun nuna cewa abin bai bar unguwar talaka ba bai bar ta mai kuɗi ba.

Ka kuma gaya wa mai zanen ya saci dabarar magabata. Gine-ginen da aka yi a Marina da titin Broad wajen samun 'yancin kai, na masu zanen gini irin su Fry da Drew ko Godwin da Hopwood, suna da inuwar kankare a kan tagogi da hanyar da iska ke ratsawa. Akwatin gilashin da ake yayi yanzu, ranar da wuta ta ɗauke tanda ne, kuma yadi ba ya son laima da zafi a rufe.

Ajah ba gudun ruwa ba ne, tarar sa ne. Teku a gaɓar nan tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Da Turawa suka gina dogayen katangun dutse a bakin mashigar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, yashin ya riƙa taruwa ta yamma, Bar Beach ta rasa mai ciyar da ita, teku ta cinye ta har ta riƙa hawowa titin Ahmadu Bello. Sabuwar unguwar Eko Atlantic, da katangarta mai tsawon kilomita 8.5, a kan wurin da teku ta cinye aka cike aka gina ta. Victoria Island ta samu kariya, amma ƙauyukan gabas irin su Alpha Beach da Okun Ajah suna ta kukan zaizaya. Yankin Lekki zuwa Ajah shimfiɗaɗɗen yashi ne da fadama tsakanin teku da tafki. Fili mai araha a can sau da yawa kuɗin cikonsa da harsashinsa sun fi kuɗin sayensa. Sabon ciko yana bukatar ya sha damina ya zauna, ko a daddanne shi hawa hawa, santimita 20 zuwa 30 kowane hawa. Daɓe ya ɗara tsakiyar titi da santimita 60 zuwa 90, domin titin ma za a ɗaga shi wata rana. Sokawe irin ta Arewa ba ta aiki inda ruwa ke kusa, sai tanki rufaffe da ba ya yoyo. Sannan a kai taswirar filin ofishin babban safiyo na jiha a tabbatar ba ya cikin filin da gwamnati ta karɓe, ba ya kan hanyar ruwa, ba ya kan layin sabuwar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba da aka fara rushe gine-gine dominta a 2024. Rasit ɗin omo onile, wato 'yan asalin wuri masu sayar da fili, ba ya tsayar da katafila.

A namu ganin, ga ɗan kasuwar Balogun, gidan Bamgbose da aka gyara ya fi filin Ajah amfani, in bincike ya wanke shi: kana iya takawa da ƙafa daga shago, jirgin ƙasa na Blue Line yana tsayawa a Marina tun 2023, kuma gyara yana yiwuwa kashi kashi gwargwadon yadda kasuwa ta ba da. Jaekel House na 1898 a harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, wanda ƙungiyar Legacy ta gyara, da tsohon kurkukun titin Broad da Theo Lawson ya mayar Freedom Park a 2010, suna nan ka je ka ga yadda gyararren tsoho yake. Ka nemi iyalan su ba ka wata shida kafin a kammala ciniki, ka manna gilasan nan a kan tsagogi yanzu, ka kuma kai injiniyan a watan Yuni, washegarin ruwa mai ƙarfi, kafin kowa ya share tsakar gidan.